Man Giyar Ƙaramar Mota a Accra: Yaushe Ake Canjawa, da Wane Mai, Kuma ta Yaya

Magana biyu ce ke yawo a bakin masu ƙananan motoci, daga Nima har Madina, game da man giya. Wasu su ce ba a canja shi sam, wai kamfani ya zuba ya rufe ke nan har motar ta tsufa. Wasu kuma su ba ka labarin maƙwabcinsu da ya canja, sati biyu tsakani giya ta daina shiga, don haka in kana son zaman lafiya kada ka taɓa. Duka biyun sun sa mutane asarar giyabos, alhali a ƙaramar mota bayan inji babu abin da ya kai shi tsada. Labarin maƙwabcin nan yakan faru, amma yawanci ba sabon mai ne ya kashe giyarsa ba. Barin ta ya yi har ta fara fizga tana zamewa, sannan ya garzaya gareji yana son mai ya gyara abin da ya riga ya cinye. Ana canja man giya ne tun tana lafiya lau.

A mota mai giyar hannu, aikin man bai wuce shafe haƙoran giya da rage musu zafi ba. A otomatik kuwa man ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos ta cikin abin da makanikai ke kira konbata, shi ne ke matse kulocin da ke ciki duk sanda mota za ta sauya giya, shi ne kuma ke kwashe zafi. Idan ya tsufa ya ƙone, ayyukan nan uku tare suke raunana.

Da farko ka san irin giyabos ɗin da ke motarka

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma nan ɓarna mafi muni ke shigowa. Giyabos ɗin da ba na hannu ba iri-iri ne. Akwai otomatik na gargajiya mai giya 4 ko 6, wanda kake jin sa yana sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma CVT, wanda ba shi da matakan giya, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu da ke buɗewa suna tsukewa. Man CVT an haɗa shi ne yadda bel ɗin zai kama fuli ba tare da zamewa ba. Ka zuba masa jan man otomatik, bel ya fara sulɓewa yana kankare fuli, kuma wannan ba ya gyaruwa da sake mai.

Sunan mota kaɗai ba ya isa. Yaris da aka kawo daga Amurka, ta 2007 zuwa 2018, yawanci otomatik ce mai giya 4, amma 'yar'uwarta Vitz ta Japan mai kama da ita sak yawanci CVT ce. Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2008 tana shan man da ake kira T-IV, ta 2009 zuwa 2013 tana shan WS, daga 2014 kuwa akasarinsu CVT ne masu shan man Toyota CVT FE. Tsofaffin CVT na Toyota da yawa TC suke sha. Picanto, Morning da i10 masu giya 4 suna son SP-III, Elantra ta 2011 zuwa sama mai giya 6 kuma SP-IV. Otomatik na Honda DW-1 ne, CVT ɗinta na Civic daga 2014 da Fit daga 2015 HCF-2. CVT na Nissan, irin na Versa da Sentra, NS-2 ko NS-3 ne gwargwadon shekara.

Kada ka tsaya kan abin da na lissafa, ka tabbatar a jikin motarka. In tana da gejin man giya, zaro shi ka duba, Toyota kan buga sunan man a jikinsa ko a marikinsa. Buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi: a Toyota akwai lambar giyabos, wadda ta fara da U otomatik ce, wadda ta fara da K kuwa CVT ce. Littafin motar ma, in bai zo da ita ba, ana samunsa a intanet kyauta da sunan mota da shekararta.

Lambar da ke allo

Galibin ƙananan motocinmu hom-yus ne, ta tashar Tema suka shigo bayan sun yi rayuwa guda a wata ƙasa. Abu biyu za ka kiyaye. Motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 90,000 a allo yana ganin motarsa yarinya ce, alhali ta haura kilomita 144,000. Na Koriya, Japan da Kanada da kilomita suke. Na biyu, ba kowace lamba ce ta gaskiya ba, ana juya su baya kafin a sa mota a kasuwa. Dubi robar birki da totur, dubi sitiyari da kujerar direba. In sun suɗe amma allo na cewa 50,000, jikin motar ya fi allon gaskiya. Motar Amurka ana iya bin tarihinta da lambar VIN, wato lambar shasin mota, a shafuka irin su Carfax, a ga mil nawa aka rubuta mata kafin ta hau jirgi.

Shawarata ga duk wanda ya sayi hom-yus ba tare da takardar da ke nuna ranar da aka canja man giya ba: ka ɗauka ba a taɓa canjawa ba. In giyar na aiki lafiya, canja a watan farko, daga nan ka fara naka lissafin.

Duba man da idonka da hancinka

In motar na da geji, yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ta yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba. Ja birkin hannu, taka birki, bi da giya ta P, R, N, D kana ɗan dakatawa a kowanne, ka dawo P. Bar inji na aiki. Goge bakin gejin kafin ka zaro, musamman lokacin hunturu da ƙura ke ko'ina, domin ƙwayar yashi ɗaya kan iya maƙale bawul a ciki. Zaro, share da farin ƙyalle marar zare-zare, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layuka biyu na ɓangaren zafi. Otomatik na Honda daban yake: ana kashe inji ne a duba cikin daƙiƙa 60 zuwa 90.

Ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu, babu wari, lafiya lau. Ya koma ruwan ƙasa amma kana iya hangen takarda ta cikinsa, lokacin canji ya yi, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa. Baƙi ƙirin mai ƙaurin ƙuna, da ɗan ɓarɓashi idan ka murza a yatsa, wannan kuloci ne ya fara cinyewa, zan dawo kansa. Man CVT ba duka ne ja ba, na Nissan kore ne tun yana sabo, don haka a can wari da duhu za ka bi.

Akwai launi ɗaya da ba ya jiran gobe. Idan man ya yi fari-fari ruwan hoda kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Hanya biyu yake bi. A motoci da yawa man giya na ratsa wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in bututun ya fashe ruwan lagireto ya haɗu da mai. Hanya ta biyu ita ce ambaliya, domin giyabos na da ƙaramar kafar shan iska a samansa. Duk wanda ya ga abin da ruwan 3 ga Yuni 2015 ya yi wa Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ya san yadda ruwa ke haɗiye mota a garin nan, kuma kowace damina, a Mayu da Yuni, Kaneshie, Alajo da Adabraka kan cika. In ka ratsa ruwan da ya haura tsakiyar taya, duba man washegari, ko da jiya ka canja shi. Fatar kulocin otomatik da wani abu dangin takarda aka yi ta, ruwa na ɓamɓare ta daga ƙarfen da aka manna ta. In motar ta mutu a cikin ruwan, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, domin famfon man giya ba ya juyawa sai inji na aiki. A ɗora ta a kan motar ɗauka.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji. Wannan ba ya nufin ba a canjawa, yana nufin sai an ɗaga mota an kwance noti kafin a ga man.

To, kilomita nawa?

Littafin Elantra mai giya 6 na Amurka ya ce a tuƙi na yau da kullum man ba ya buƙatar canji, amma a aiki mai wahala a canja kowane mil 60,000, wato kilomita 96,000. Sai ka karanta abin da suke kira aiki mai wahala: cunkoso a zafin da ya haura digiri 32, tsayuwa mai tsawo inji na aiki, gajerun tafiye-tafiye a kai a kai, hanya mai ƙura, hawa da gangara, aikin tasi. Wannan ai Accra ce suka kwatanta. Wanda ke fitowa daga Kasoa kowace safiya ya bi ta Mallam zuwa Kaneshie, ko wanda ke rarrafe a Spintex da yamma, bai taɓa yin tuƙin da littafi ke kira na yau da kullum ba.

Dalilin yana cikin konbata. A babbar hanya, kamar in ka wuce Nsawam ka miƙe zuwa Kumasi, konbata na kulle kanta, inji da giya su zama abu ɗaya, zafi ya ragu. A cunkoso kuwa ba ta kullewa, man ne ke ta dakuwa a ciki yana ɗaukar zafi, ga iska ba ta bugun lagireto, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Zafi shi ne ke tsufar da mai, kuma ƙa'idar da masu harkar mai ke bi ita ce duk ƙarin digiri goma na ninka saurin lalacewarsa. Awa guda daga Lapaz zuwa Circle 'yan kilomita kaɗan allo zai rubuta, amma man ya yi aikin awa cur.

Saboda haka ni ba na bin 96,000 a garin nan. Ga abin da nake ba mutane shawara a kai. Otomatik na gargajiya a motar gida, kowane kilomita 50,000 zuwa 60,000 ko shekara uku zuwa huɗu, duk wanda ya riga zuwa. CVT, kilomita 40,000, don ba ya haƙuri da tsohon mai kamar na gargajiya. Motar da ke Uber, Bolt, Yango ko tasi, wadda ke yini a kunne daga asuba zuwa dare, kilomita 30,000 zuwa 40,000. Direban da ke biyan mota da kuɗin aiki har ta zama tasa shi ya fi kowa buƙatar jin wannan, domin ranar da ya gama biya ita ce ranar da giyabos ɗin da aka yi wa sakaci ke zama nauyinsa shi kaɗai. Giyar hannu na iya kai 60,000 zuwa 80,000, da man da littafi ya ambata, yawanci GL-4. Masu Honda da ke nuna lambobin gyara a allo, in lamba 3 ta fito, man giya take nufi.

Wasu alamu ba sa jiran lissafi: ka sa D ko ribas mota ta yi jim kafin ta kama, ko ta kama da duka, karkarwa a gudun kilomita 40 zuwa 70 a awa, CVT ya riƙa kuka ko ya rage ƙarfi bayan ka hau tudun Aburi. Karkarwa da ɗan jinkiri sau da yawa sabon mai na kawar da su.

Amma in inji na ihu mota ba ta ja, ga mai baƙi da ƙauri, to giyar ta riga ta ji ciwo. A irin wannan hali garin kulocin da ke yawo cikin tsohon man ne ke taimaka wa abin da ya rage ya kama, in ka zubar da shi zamewar ta fito fili. Daga nan labarin maƙwabci ya samo asali. Kai motar a sa mata kwamfuta a karanta lambobin matsala, a kwance kaskon ƙasa a ga abin da ke ciki, sannan a yanke shawara. Kada ka bari a sa mata injin wanke giya, wato na'urar da ke tura sabon mai ciki ya kore tsohon gaba ɗaya.

Sayen mai

Je da sunan man a rubuce, ba da baki ba. A Abossey Okai akwai kusan duk man da na ambata, amma a kowace kasuwa ta duniya man mota na cikin abubuwan da aka fi yi wa jabu, kuma galan na asali da aka sake cikawa shi ya fi ruɗin mutane. Duba hatimin murfi, duba rubutu ko ya dushe, duba gindin galan ko akwai tabon tsohon mai. In farashi ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, araha ba ta ado. Ga mai CVT, na fi son ya je wurin dilan kamfanin motar ko babban shagon da ke ba da rasit, ko da zai ƙara 'yan sidi. Man da aka rubuta yana yi wa kowace mota, karanta bayan galan, in ba ka ga lambar man motarka a jere ba, ajiye shi. Lita huɗu kan isa canji ɗaya a yawancin ƙananan motoci. Haɗa da sabuwar wosha ta notin zubarwa, da gaskit da filta in za a kwance kasko.

A gareji

Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka Tamale ko Bawku hutun Sallah, yi aikin sati biyu kafin nan, don in akwai yoyo ya bayyana kana gari.

Tsaya a wurin, kuma ka faɗi abin da kake so tun kafin a ɗauko sifana: "Masta, zubarwa da cikawa kawai nake so, ba wanki da inji ba. A auna min abin da ya fito." Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan.

A ɗora motar a rami ko a ɗaga ta daidai, gaba da baya. A motar da ba ta da geji, a fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, domin in ya ƙi kwantuwa bayan an zubar, ka zauna da mota babu mai. Ka tabbata notin giyabos aka kwance ba na inji ba. Yaran gareji kan rikita su, a zubar da ɗaya a cika ɗaya har ya yi ambaliya. A tari man a roba mai tsabta, a juye a galan mai ma'auni. Yawanci lita biyu zuwa huɗu ke fitowa.

In giyabos ɗin mai kasko ne, kuma ba a san ranar da aka taɓa buɗe shi ba, a kwance. Akwai maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, cin yau da gobe ne. Gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli ko ɓaɓɓakun ɓawo, wannan labari ne daban, ka ɗauki hoto ka nemi mai gyaran giya. A wanke kasko, a sa sabon filta da gaskit. Kada a lafta gam, domin abin da ya matso ciki yankewa yake ya toshe hanyar mai. Notocin kasko ƙanana ne, da hannu ake ɗaure su a hankali, ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe.

A zuba sabon mai daidai abin da ya fito, da mazurari mai tsabta wanda bai taɓa baƙin mai ba. A tayar da inji, a bi da giya duka, sannan a daidaita. Mai geji, kamar yadda na bayyana a sama. Marar geji kuwa akwai notin da rarar mai ke tsiyayowa ta cikinsa, kuma dole a yi shi a zafin da kamfani ya ƙayyade, domin mai na kumbura in ya yi zafi. A CVT na Corolla tsakanin digiri 35 ne da 45, da kwamfuta ake karanta shi. A ranar Accra motar da ta fito daga cunkoso ta wuce nan da nisa, sai ta huce sosai, shi ya sa aikin ya fi kyau da sassafe. Garejin da ba shi da kwamfutar nan, kada ka ba shi CVT. Ƙarancin mai na sa giya zamewa, yawansa kuma na sa shi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci. A Nissan akwai ƙirgen tsufan mai a cikin kwamfutar motar, a tuna a mayar da shi sifiri.

Zubarwa ɗaya ba ta fitar da duka man, sauran na cikin konbata da bututai. In ka ce kashi 40 cikin ɗari ne ya fita, bayan canji na biyu sabon mai ya kai kashi 64, bayan na uku kusan 78. Don haka motar da manta ya yi duhu sosai amma giya na lafiya, a yi canjin sau biyu ko uku, ana barin tafiyar 'yan kwanaki ko kilomita ɗari biyu zuwa ɗari biyar a tsakani. Ya fi tsada kaɗan, amma sabon man na wanke dattin sannu a hankali maimakon ya ɓamɓaro shi lokaci guda. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa na rage tazarar da ke littafi: wanda ke canjawa a kai a kai, sau ɗaya ya ishe shi kowane zagaye.

Kafin ka biya, ku zaga da bakaniken, ka saurari yadda giya ke shiga daga tsaye da kuma a ribas. Wasu motocin kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin sauyin giya ya daidaita da sabon mai. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ka duba ko akwai ɗigo. Rubuta kwanan wata, lambar allo da sunan man a takarda ka ajiye tare da takardun inshora, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Tsohon man a zuba shi a galan ɗin da ka zo da sabo a rufe, a ba masu karɓar tsohon mai. Kada ka yarda a tuttular da shi a kwata, domin kwatocin Nima da Maamobi Odaw suke gangarawa, daga can sai Korle.